Kada ka zo ƙofar makaranta yau

Baba, barka da tashi.

Na leƙa na ga ka koma barci, ban so in tashe ka ba. Hedimasta ya kira tun ƙarfe shida, wai bokitin wanke hannu na ajina yana yoyo, kuma har yanzu ba a ja kujeru nesa da juna ba. Yara arba'in za su dawo mini yau bayan wata bakwai a gida, ban ma san ta inda zan fara ba. Na tafi da jikarka, yunifom ɗin duk ya ɗage mata.

Ka yafe mini ɗaga muryar da na yi jiya. Na san kai ka saba ɗauko ta in an tashi, na kuma ga har ka goge takalmanka. Amma Baba, annobar nan ba ta wuce ba. Ƙofar makaranta cika take yi da iyaye, ba kowa ke sa takunkumi ba, ga ƙirjinka yadda yake. Wallahi tsoro ne, ba raini ba. Don Allah kada ka zo. Tare za mu dawo wajen ƙarfe biyu.

In mun shigo, ka bari ta yi wanka ta sake kaya kafin ta faɗa jikinka, ko da za ta yi kuka.

Ga ta nan tana jan gyalena, wai in rubuta maka: "Angona, kar ka yi fushi. Duk abin da aka koya mana, ni zan koya maka."

'Yarka