Ganyen Baba

Malam, mijina,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa?

Muna nan unguwar Limanti. Hajiyarka ƙafa ta matsa mata. Yayana ya sake aiko in koma Kano, na ce sai na ƙarasa aikinka na jami'a. Shekara biyu ke nan amsata ɗaya.

Ka tuna murnarka ranar da ruwan ganye ya haɗa jan ƙarfe da farar wuta, suka zama siraran wayoyin da ido ba ya gani? Ba ka sa sinadari mai guba ko ɗaya ba. Ka barbaɗa su a ruwan rini, ka ajiye a rana, kafin la'asar ya washe. Ka ce wata rana har cikin kayan lantarki za su shiga.

Garin ganyen nan a dake kake kawo shi, ban taɓa ganin ɗanyensa ba. A littafinka, da rubutun nan naka mai kama da tonon kaza, ka sa "ganyen baba". Ni kuwa 'yar marina ce, sai na nufi baban rini. Na jiƙa, na dafa, na tace ya fi a ƙirga, baƙar laka kawai nake samu. Har haushinka na ji.

Jiya Hajiya ta ga ina shanya baban rinin, na gaya mata abin da ka rubuta, ta yi dariya, sannan ta fashe da kuka. Ashe bishiyar da Babanka ya shuka kake nufi, a gonarku ta bayan Zabarmari. Me ya hana ka sa babban baƙi, Malam?

Yanzu na gane inda ka nufa ran nan da ka ce za ka duba shinkafa, ba ka dawo da rai ba. Ni ce na yi maka mitar garin ganyen ya ƙare. Ban faɗa wa kowa ba, ko Hajiya.

Sojoji ba sa barin kowa ya kai gonar. Hajiya ta ce bishiyoyi huɗu ne a wurin, ba ta san wacce ba. Na kasa tafiya Kano, na kasa ƙarasawa. Wacce ce, Malam?

Allah Ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini.

Matarka,
Falmata