Kifin Gidan Baba Seyni

Gaya, 9 ga Nuwamba 1961

Zuwa ga Yaya Mariama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, na kama koyarwa a lakwal.

Na sauka gidan Baba Seyni, aminin marigayi babanmu. Masunci ne, kuma ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Yaya, na ga kogin Kwara da idona, ruwan da ba ka gane fuskar wanda ke tsaye a ƙetare. Na daɗe a bakinsa ina kallo.

Sai dai gidan nan kifi da rana, kifi da maraice, kin kuwa san ni da ƙarni. Da hannunsa yake zaɓo mini tsoka mafi kyau. Yaya zan ture hannun dattijo? Sai na sayi barkono ina binne kowace loma, ina ci ina hawaye, shi kuwa yana yabon jaruntar mutanenmu na Dogon Dutsi. Na san dariya kike yi, Allah ya yafe miki.

Ƙanenki,
Rabo

Gaya, 20 ga Disamba 1961

Yaya Mariama,

Ina gaishe ki da dukan gida. Kada ki gaya wa Inna, ciki ya kwantar da ni kwana shida, likita ya hana ni barkono. Na rasa ta yi. Kifi ba ya shiga haka, in kuma na bar gidan na tozarta amincin babanmu.

Ina cikin wannan damuwa Inna Zuwera, matar Baba Seyni, ta kira ni madafa. Ta fiddo wata 'yar tukunya daga bayan randa: daddawar batso ce, an daka ta da kimba da masoro da citta da gishirin Foga. Ta ce barkono ihu kawai yake yi, wannan shi ke kashe ƙarni. Ashe ita ma 'yar tudu ce irinmu, ba 'yar bakin ruwa ba. Shekara talatin da huɗu tana gyara kifi tana dafawa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yi mata daɗi ba. Ta roƙe ni kada mijinta ya ji, don sana'arsa ce mutuncinsa.

Ni da wata biyu ya kayar, na tsaya ina kallon hannuwanta. Wallahi kunya da mamaki suka rufe ni. Na gwada haɗin, na cinye ƙwaryata tas.

Naki,
Rabo

Gaya, 14 ga Janairu 1962

Yaya Mariama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na warke sarai, zamana a gidan ya tabbata.

Jiya Baba Seyni ya dawo daga kasuwar Malanbil, can ƙetaren gada. Ya ajiye ƙunshin kimba da masoro a bakin madafa. Sannan ya ja ni zaure, ya danƙa mini wani irinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce ya gane ni tun loma ta farko, kamar yadda ya gane amaryarsa tun satin da aka kawo ta. Da ya ga ta ɓoye don ta girmama shi, sai shi ma ya ɓoye saninsa don ya girmama ta. Tun daga nan bai taɓa barin kayan tukunyarta su ƙare ba, ita kuwa tana zaton shi ne mai son ƙamshi a miya. Ya ce kada in gaya mata.

Yaya, na yi lakwal shekara goma, ban taɓa jin darasi irin wannan ba. Da maraice suka zauna cin abinci, ya zaɓi tsoka mafi kyau ya tura gabanta, ta yi masa godiya ta cinye.

Ki gaida Inna da kyau.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Rabo