Dutsena a Gonar Rake

Lahadi, 2 ga Fabrairu
A wasan besbol na yau, wanda ake jefo ƙwallo a buga da gora, matashin nan Wilkin ya maka ƙwallo ta haye katanga ta faɗa gonar rake, saura taku uku ta kai dutsena. A garin nan duk wanda ya fi kowa nisan bugu ana kafa masa farin dutse inda ƙwallonsa ta sauka, da sunansa a jiki. Nawa ya shekara arba'in da biyar, da sunana a jiki, ELADIO. Na tafa masa, amma idona na kan dutsen.

Talata, 4 ga Fabrairu
Gardama a wurin wasan domino. Fulgencio mai aski ya ce, "Yaran yanzu ƙarfe suke ɗagawa, su sha garin ƙarin ƙarfi. Eladio da addar saran rake ya yi ƙwanji, gorarsa ma icen gwaiba ce!" Wani ya ce masu jefo ƙwallo na zamaninmu kaka ma za ta buge su. Na ce uwarsa ce kakar. Ranar Lahadi za a sa wa filin sunan mai dutse.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na kasa zama. Sau uku ina zagaya filin.

Juma'a, 7 ga Fabrairu
Bari in rubuta ko na huta. Shekarar da na yi bugun nan guguwa ta share filin. Da aka sake shata shi, an ja wurin tsayuwar mai bugu baya da taku goma. Ni na riƙe igiyar awon. Dutsen kuwa ba wanda ya taɓa shi. Ke nan ƙwallon Wilkin ta fi tawa da taku bakwai. Duk waɗanda suka sani sun mutu, sai matata Casilda. Tana soya ayaba, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Tsoho, kai da Allah." Matar nan!

Asabar, 8 ga Fabrairu
Ai ƙwallon zamaninmu ma ta fi nauyi. Kuma da yunwa na buga. A auna wannan mana! Wallahi ina son sunan nan, ina son jikokina su gan shi a allo.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Da safe na kira Wilkin, don in ga irin riƙon gorarsa ne kawai. Ban san yadda aka yi na nuna masa inda nake tsayawa a da ba. Ya ƙirga takun, ya sake ƙirgawa. Ya ce, "Baba, ba wanda ya sani fa." Na ja shi gonar rake na ce, "Rufe min baki, kama can." Tare muka ciccibi dutsen muka dawo da shi baya taku goma, ya fi yadda na tuna nauyi.

Ban je bikin ba, bayana ke ciwo. Daga tsakar gida na ji an kira sunan Wilkin a lasifika. Casilda ta ce wai ta ga ina tafi. Sauro nake kashewa.