Gamsheƙa a Cikin Bulo

Daren Talata, tsakiyar damina.

Yau da la'asar na tarar da autata Binta tana zura hannu cikin ramukan bulon da ke jibge a bayan gida. Ina fizgo ta, gamsheƙa ta fasa kai. Gamsheƙa ta uku ke nan bana.

Maigida ne ya rushe mana katangar ƙasa bara, wai zamanin kuɗin fetur ne, sai ginin siminti. Ya jibge bulo, ya bi kwangila Kano, ciyawa ta rufe wurin.

Da ya dawo na gaya masa. Yana goge sabon babur ɗinsa ya ce, "Ki riƙa tsare yaranki mana."

Yarana! Macizai dai sun riga mu tarewa a gidan siminti.