Auta Ta Ƙi Cire Hotonka

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Babu motar da ke zuwa inda kake. Amma ka san halina, magana ba ta kwana a cikina, kuma wannan kai ka fi kowa cancantar jin ta.

Gida lafiya lau. Albasar bakin ruwa ta yi kyau bana, an kai ta kasuwar Hasahisa. Rakubar da ka kafa a tsakar gida, rumfar shan inuwar nan, ta karkace, na hana a rushe ta, na sa an tokare ta da itace. Malam Sule maƙwabcinmu ya biyo ka bayan sallar layya. In kun haɗu ai ba za ku rasa gardamar yi ba.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka bar ta tana karatun jinya a Madani. Ta gama, tana aiki a can. Ka tuna yadda kake mata faɗa a kan waya, kana cewa yarinya tana zaune da mu amma ranta yana wani gari? To a cikin wayar nan ta haɗu da wani yaro, Usama, ɗan 'yan kasuwar Madani, Balarabe. Ya zo ya gaishe ni da maganar aure, yaro mai ladabi. Ya san ko mu su wane ne, ya ci tuwonmu. Sai dai mahaifiyarsa ba ta sani ba. A shafin Auta Larabci kawai ake gani, Larabcin da ya fi na liman kyau. Wa zai ce ɗiyar Bagobiri ce?

Da ranar rasuwarka ta zagayo, sai ta sa hotonka a shafin. Wanda ta ɗauke ka a bakin tur'a, magudanar ruwan gona, hauya a kafaɗa, kana dariya, zanen Gobir ya fito raɗau a kumatunka. Ta rubuta da Larabci cewa kakanta ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Jazira ya haƙa magudanan ruwa, ubanta kuma ya tsufa yana tsinkar audugar ƙasar nan. Daga ƙasa ta ƙara layi ɗaya da Hausa, ta ce wannan ubanta ne.

Malam, ashe layi ɗaya yana tayar da ƙura haka? Wasu suka yi maka addu'a. Wasu kuma, mutanen da ba su taɓa ganin ka ba, suka rubuta cewa mu baƙi ne, mu koma inda muka fito. Ina za mu koma? Cibiyarka a nan aka binne ta, kai ma a nan kake kwance.

Dangin uwar Usama suka gani. Sai ya roƙi Auta ta cire hoton, ya ce ba don komai ba, har a ɗaura aure kawai, daga baya ta mayar. Ta zo gida ranar Juma'a ta same ni ina toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi. Ta zauna gefen murhu ta gaya mini komai, ta tambaye ni yadda za ta yi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ina son yaron, ina son in ga ɗakinta kafin in biyo ka. Amma bakina ya kasa cewa a cire ka. Na ce mata ubanta ne, aurenta ne, ta yi abin da za ta iya kwana da shi. Ta daɗe tana kallon wuta. Sannan ta ce gidan da sai an ɓoye fuskar ubanta kafin ta shiga, wata rana fuskar 'ya'yanta za a ce ta ɓoye.

Ba ta cire ba. Dangin Usama suka aiko cewa sun fasa auren. Ta yi kuka, ta rame har wuyanta ya fito. Yayanta Babangida ma ya kira ta daga Hartum yana faɗa, wai abokan aikinsa sun gani, ta tona masa asiri. Ka ji ɗanka, mai sunan mahaifinka. Ranar nan ban iya cin abinci ba.

Daga nan sai saƙonni suka fara shigo mata. Wata yarinya daga Dinder ta aiko da hoton kakarta tana dama fura. Wani malamin makaranta a Kamlin ya ce ya daɗe yana koyarwa, ba wanda ya san da Hausa yake magana da uwarsa. Daga Damazin, daga Sinnar, har da masu aiki a Jidda, kowa yana fito da hoton tsohonsa kamar an buɗe rumbu. Auta ta tara su wuri guda a cikin wayar, ta ce mini kamar zaure ne, kowa yana shiga ya yi magana. Amma da yawansu Hausar ta kufce musu, sai gaisuwa kawai.

Shi ne ta kawo mini wayar ta ce in yi magana, za ta naɗa. Na ce me tsohuwa za ta faɗa? Ta ce in faɗi yadda ake barka da haihuwa. Na faɗa. Kashegari suka nemi yadda ake gaisuwar mutuwa, sannan sunayen kayan miya, sannan tatsuniya. Yanzu in na idar da sallar la'asar sai in haɗa gahawata ta jabana in zauna in amsa musu. Inna suke kira na, yaran da ban taɓa ganin idonsu ba. Ni da ban wuce makarantar allo ba.

Wata rana ina saurare sai na ji wata murya tana tambaya, da Hausa mai karkacewa, mene ne ma'anar zanen da ke fuskar mai hoton nan. Uwa za ta kasa gane muryar ɗanta? Babangida ne. Ya shigo zauren bai gaya wa kowa ba. Na amsa masa a gaban kowa kamar ban gane shi ba, na ba shi labarin Gobir yadda surukina ya ba ni. Da hutu ya zo da 'ya'yansa, ya ce kada in yi musu Larabci ko kalma ɗaya. Ya kuma ba ƙanwarsa haƙuri a gabana.

Akwai abin da kunya ta hana ni gaya maka duk zaman da muka yi. Ranar da aka nuna mini kai daga bayan zana, zanen nan na fara gani, shi ya fara shiga raina. Kuma duk lokacin da ka ɗaga murya a kasuwar Madani kana gaisawa da Hausa mutane suna waiwaye, ni a bayanka ji nake kamar na ƙara tsawo. Me ya sa ban faɗa ba? Na ɗauka muna da lokaci.

Usama ya yi aure. Auta ba ta yi ba tukuna, kuma wani lokacin nakan ga ranta ya tafi wani wuri, na san abin da take tunawa. Amma ta mayar da jikinta, tana tafiya kanta a sama irin naka.

A makon jiya ta nuna mini saman shafinta. Ta rubuta sunanta, ta bi shi da naka cikakke, har da Bagobiri a ƙarshe. Ta ce in karanta mata. Na dubi haruffan, na yi dariya, na ce ita dai ta karanta. Sunan da ban taɓa furtawa ba kana raye, ba zan fara yanzu ba. Ta karanta shi da ƙarfi a tsakar gidanka, ni kuma na ce amin.

Ka huta lafiya, Malam. Ka haifi ɗiya. Allah ya sada mu a inuwar da ba ta gushewa.

Taka har gobe,
Uwar 'ya'yanka, Asabe