Mai Manjagara a Kan Sarkin Taro

Litinin, 3 ga Maris, 1958

Jirgin ruwan da ke kawo wasiƙu ya iso tsibirinmu daga Grand Turk da sababbin kan sarki. Na je gidan waya aika odar fulawar kantina, na tarar da mutane cunkushe a tagar Mis Vashti, mai kula da gidan wayar, suna ƙus-ƙus. Suna ganina kowa ya yi tsit. Ita kuwa, da wannan murmushin nata mai ban haushi, ta turo mini kan sarkin taro, wato na kwabo uku, ta ce, "Mista Glinton, yau dai bayanka za ka lasa."

Na duba. Kan Sarauniyar Ingila a kusurwa. A tsakiya wani mutum ne sunkuye cikin tafkin gishiri da manjagara, wando a naɗe, ba takalmi, ƙafar hagu ɗaure da tsumma.

Na ce ban san shi ba. Na biya na fita.

Na san shi.

Talata, 4 ga Maris

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ɗaukar hoton. Wani Bature ne ya zo da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku, ya tsaya kan katangar tafki don kada takalminsa ya jiƙe. Har yanzu ina jin muryarsa: "Ƙara sunkuyawa, yaro. Ƙara." Ni kuma na ƙara. Ko sunana bai tambaya ba.

Ni Lemuel Glinton, da na yi aji biyu a sakandare kafin Baba ya mutu in dawo in ɗauki manjagararsa. Shekara tara ina cikin ruwan gishiri har ya cinye mini yatsu biyu na ƙafar hagu. Daga nan jaki ɗaya, sai amalanke, sai jirgi, sai kanti mai rufin kwano. Ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Tun ranar da na sayi takalmin farko ba mahalukin da ya sake ganin ƙafata, sai Adina, ita ma don matata ce.

Duk wannan ba su gani ba. Ba su zana jirgina ba, ba su zana kantina ba. Sai wannan.

Kuma na taro! Wanda kowace tsohuwa ke mannawa in za ta rubuta wa ɗanta.

Alhamis, 6 ga Maris

Hezron Swann ya shigo kanti sayen taba. Tare muka yi aikin tafki da shi, har yau kuma yana can, ba abin da ya ƙaru da shi sai furfura da tari. Ya jingina da kanta ya ce, "Lemi, ashe kai da Sarauniya ɗaki ɗaya kuke kwana yanzu? Ita a sama, kai a ƙasa kana shara."

Na ce sunana Mista Glinton, kuma in ya gama sayayya ƙofa tana inda ya bar ta.

Ya fita yana dariya har da tari. 'Yan zaman banzan da ke buga domino a gindin bishiya suka taya shi. Da na wuce da yamma ɗayansu ya sunkuya yana jan iska da hannu biyu. Na gane shi. Uwarsa za ta zo neman bashin kananzir.

Asabar, 8 ga Maris

Na saye su duka. Duk wani kan sarkin taro da ke tsibirin nan yana cikin akwatin ƙarfena.

Mis Vashti ta so ta yi gardama. "Mista Glinton, mutane fa da me za su aika wasiƙa?" Na ce ta nuna mini dokar da ta ƙayyade wa mutum yawan abin da zai saya. Ta buɗe littafinta, ta rufe. Ta turo mini fallayen kamar mai miƙa mushe.

Su lashi yatsunsu.

Lahadi, 9 ga Maris

A coci ba wanda ya ce uffan, amma na ji idanu a ƙeyata tun daga waƙar farko. Shekara goma sha biyu ina zaune a benci na biyu, bayan masu tafkunan gishiri, yau ne na ji kamar aro aka ba ni wurin.

A gida Adina ta zuba mini shinkafa da wake, ta ce, "Lem, wa kake ɓoye wa? Tsibirin da za ka zaga shi da ƙafa kafin tukunya ta tafasa? Kowa ya san ka ja gishiri."

Na ce sani daban, mannawa a goshin ambulan daban.

Ta ce, "To ai ni a haka na gan ka na aure ka."

Na ce ta miƙo barkono.

Laraba, 12 ga Maris

Matar nan shaiɗaniya ce. Ta aika waya Grand Turk, an ba ta izini, yanzu almakashi take sawa tana raba kan sarkin sisi gida biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane rabi ya tsaya a matsayin taro. Ta manna, ta doka hatimi, shi ke nan. Na sisin tsuntsu ne a jiki, sai ga wasiƙu suna fita da rabin tsuntsu. Wani ya sami kai, wani ya sami jela.

Da na wuce ta ɗaga almakashin ta taga ta ce, "Barka da rana, Mista Glinton! Ka ba ni sabon aiki."

Juma'a, 14 ga Maris

Na buɗe akwatin da niyyar ƙona su. Ashana ta ƙi kamawa, damshi ya shige ta. Gobe.

Laraba, 26 ga Maris

An turo wasu sababbi. Na sake sayewa. Mis Vashti ko gardama ba ta yi ba, ta jawo almakashinta kawai.

Ban ƙona na farkon ba tukuna. Aiki ya yi yawa.

Litinin, 21 ga Afrilu

Duniya ta haukace. Jirgi ya kawo buhu guda na wasiƙu daga Kanada da Ingila da Amurka, duk daga mutanen nan marasa aikin yi masu tara kan sarki a littafi. Rabin tsuntsun ya kai hannunsu, sun ruɗe. Kowa yana roƙon a aika masa da ambulan mai rabin sisi da hatimin tsibirinmu. Kuma kowa yana tambaya: me ya sami na taro, me ya sa ba a samunsa?

Wato ni da na so in binne abu, sai na yi masa shela.

Wani daga Kanada, mai buga mujallar masu wannan wauta, ya rubuto yana son sunan mutumin da ke jikin na taron, wai zai buga don a san shi har abada. Mis Vashti ta karanta wa jama'a a bakin taga, da ƙarfi, tana kallon kantina. Ta ce za ta ba da amsa a jirgin Juma'a.

Na aika mata cewa duk wanda ya rubuta sunana, mu haɗu a kotu.

Talata, 22 ga Afrilu

Hezron ya ce shi ne.

Hezron!

Laraba, 23 ga Afrilu

Jiya jefar da alƙalamin na yi, shi ya sa na tsaya.

Ya je gidan waya ya ce tunda Mista Glinton ya rantse ba shi ba ne, to shi ne, a rubuta Hezron Swann. Yanzu yana zaune gindin bishiya da kan sarkin taro ɗaya da ya samo ban san daga ina ba, ya manna a hularsa, yara suna layi suna kallo. Wai har ya tuna ranar. Wai Baturen ya ce bai taɓa ganin mai jan gishiri kamarsa ba.

Na tuna ranar ni ma. Hezron yana bayan katanga yana barci da hula a fuska, ni na ja layinsa na ja nawa don kada mai tafki ya kore shi, matarsa tana da ciki lokacin.

Na rufe kanti da rana tsaka, na ɗauko falle ɗaya da gilashin da nake duba takardun kaya. Ban taɓa kallon abin sosai ba sai yau. Mutumin bahago ne, hannun hagu a gaba. Hezron ko cokali bai iya riƙewa da hagu ba. Layukan da ya ja a miƙe suke kamar an sa igiya. Sai tulin gishirin da ke bayansa, ya fi shi tsawo. Tun asuba na fara tara wannan tulin, da gyambo a ƙafa, ruwan yana shiga kamar wuta. Ba wanda ya taɓa tara irinsa a wuni ɗaya a tafkin arewa, a tambayi duk wanda ya rage da rai.

Wannan ne malalacin nan zai ɗauka ya kai Kanada?

Na same shi gindin bishiya. Na ce, "Hezron, ba ka jin kunya? Maƙaryaci."

Ya ce, "A'a, Mista Glinton, ina ruwan mai kanti da maganar 'yan gishiri? Kai da aka haifa da safa?"

Suka fashe da dariya. Na ce zai gani. Ya ce idonsa biyu.

Adina ta ce, "To ka zaɓi ɗaya mana, Lem. Ko kai ne, ko ba kai ba ne." Wannan mata ba ta taɓa goyon bayana ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ina ruwana. Su rubuta sunan jaki ma in sun ga dama.

Na kasa cin abinci.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Jirgi zai tashi ƙarfe biyu. Sha biyu da rabi na ga Hezron ya wuce da rigar cocinsa, an ce zai je ya ga an rubuta sunansa. Na ce wa kaina fulawa zan je in yi wa oda. Ban ɗauki takardar odar ba.

Gidan waya cike. Mis Vashti ta riga ta rubuta wasiƙar, ta bar gurbin suna, alƙalami a hannu. Ta ce, "Mista Glinton, na taro ya ƙare, ka sani."

Na ce, "Kada ki rubuta ƙarya da hatimin Sarauniya."

Ta ce, "To mene ne gaskiyar? Kai ka ce ba ka san shi ba."

Hezron ya ce, "Bar shi, Vashti, rubuta. S, W, A..."

Ban san lokacin da na zauna a bencin ba. Na kwance igiyar takalmin hagu. Na cire safa. Na ɗaga ƙafar na ɗora kan kantar gidan waya, kusa da ma'aunin wasiƙu, yatsu uku da tabon da ya kai idon sawu. Na ce, "Ga abin da ke cikin tsumman. Hezron, cire naka mu gani."

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, ɗan Zilpa," sunan mahaifiyata ke nan, rabon da in ji shi a bakin wani na manta.

Hezron ya daɗe yana duban ƙafar. Sai ya ɓare kan sarkin daga hularsa ya ajiye kusa da ita, ya ce, "Sannu da zuwa, Lemi. Shekara ashirin da biyu muna jiranka ka fito daga cikin takalmin nan."

Ashe tarko ne. Shi da Vashti. Na ga yadda suka kalli juna. Miyagu, dukansu biyu, kuma ba zan yi mamaki ba in da hannun Adina.

Mis Vashti ta ce, "Me zan rubuta, Mista Glinton?"

Na ce ta rubuta Lemuel Glinton, mai kanti da jirgi. Ta rubuta. Na ce ta ƙara: ya ja gishiri shekara tara a tafkin arewa, kuma tulin da ke bayansa aikin wuni ɗaya ne. Ta ce wuri ya ƙare. Na ce ta juya bayan takardar.

Hezron ya ce, "A sa cewa ni ina bayan katanga." Na ce a sa yana barci.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ba zan yafe musu ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Na mayar wa Mis Vashti fallayen. Suna cinye mini wuri a akwati, shi ne kawai dalili. Ta ce masu tara kan sarki za su yi kuka, rabin tsuntsu ya ƙare. Su yi.

Na rubuta wa Ismay, 'yata da ke koyon aikin jinya a Ingila. Kan sarki ɗaya na sule da ya isa, amma na sa na taro huɗu a jere, tunda suna kusa da hannu. Na gaya wa Vashti ta doka hatiminta a gefe, kada ta rufe tulin.

Hezron ya zo sayen taba, ya zauna kan buhun shinkafa ya ƙi tashi har rufe kanti. Surutu kawai. Ya ce Lemi sau uku, na ƙirga. Ban ga amfanin gyara wa jahili magana ba.

Yau da silifa na fita. Zafi ake yi.