Hawayen Autanmu a Shafin Farko

Gwaggo, ki taimaka mini, abin ya sha kaina. Ni mai ɗaukar hoto ne a wata jarida, shekara tara ina fama ba wanda ya san da zamana. Autanmu kuma soja ne, yana cikin masu tsayuwar girmamawa a dandalin tunawa da mazan jiya. Dokar tsayuwar ba motsi, ba magana, ko ƙuda ya sauka maka a ido sai haƙuri.

Ranar taron bana ni aka tura. Ana dab da busa begila wayata ta yi ƙara. Mahaifiyarmu ce, ta ce mahaifinmu ya cika a asibiti. Ta roƙe ni in bari a tashi daga taron kafin in gaya wa auta, don shi ya yi jinyarsa. Na ɗaga kai, ga auta a ƙarshen layi, taku uku daga igiyar 'yan jarida, da farar safar hannu, bindiga a kafaɗa, rana ta sauka a fuskarsa daidai yadda nake so. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na saita kyamara a fuskarsa sannan na matsa na gaya masa a hankali. Ko gezau bai yi ba. Hawaye kawai suka gangaro har haɓarsa, ba damar sharewa. Na ɗauki hoto goma sha ɗaya.

Washegari hoton ya fito a shafin farko, wai soja na kukan mazan jiya. Edita har kafaɗata ya dafa. Mahaifiyarmu ta sa shi a gilashi ta rataye a falo, tana nuna wa baƙi aikin 'ya'yanta biyu. Auta bai tona ni ba, amma wata huɗu ke nan ba ya amsa gaisuwata, in ya zo gida sai ya zauna ya ba bangon baya. Ni dai ai ba ƙarya na yi masa ba. Yanzu an zaɓi hoton don wata babbar gasa, kuma dole sai da sa hannun auta. Yaya zan shawo kansa?

Mai Kyamara

Ɗana, Allah ya ji ƙan mahaifinku. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka yi kukansa, ban samu ba. Adadin hotuna na samu.

Na yarda shekara tara ba a san da kai ba akwai ciwo, kuma gigin mutuwa kan sa mutum yin abin da ba halinsa ba. Amma wanda ya gigice ba ya tsayawa saita kyamara. Ka zaɓi lokacin da aka ɗaure wa yaron hannu da baki, ka soke shi, ka tsaya kallo. Gaskiya ce ka faɗa masa, ita ce ma wuƙar. Kuma ka lura, sa hannu ka zo nema wajena, ba ƙane ba.

Ka janye hoton daga gasar tun yau, ba tare da ka yi masa gori ba. Ka zauna gaban mahaifiyarku ka faɗa mata da bakinka, don shirun da auta yake yi ita yake karewa, ba kai ba. Ka sauke hoton da hannunka. Sannan ka je wajensa, ka bar kyamara a gida, ka ba shi haƙuri ba tare da wata hujja ba. Zai iya ƙin yafewa, wannan haƙƙinsa ne.

Duk abin da ya faɗa maka, ka tsaya ƙyam, ba motsi, ba magana, kada ka share fuska. Allah ya daidaita tsakaninku.

Gwaggo